Ruwan Daro Ya Jiƙa Inna

Salamu alaikum Sani,

Ya karatu, ya baƙunta? Mu nan Tudun Kaya kowa lafiya.

Da muka ji girgizar ƙasar ba ta taɓa garinku ba, Inna har da guɗa. Sai ta tambaye ni yadda girgiza ke tayar da teku. Na cika daro da ruwa, na nutsa faranti, na ɗago shi da ƙarfi. Ruwa ya yi tsalle ya jiƙa mata zane. Tana dariya ta ce, "Ashe tsunamin nan daga ƙasa ake tunkuɗo shi."

Ka sa mu a addu'a, ka gaida abokan zamanka. Inna ta ce in ƙasa ta sake motsi, ka tuna sunan garinku, ka nemi tudu.

Yayarka, Binta