Direban da Ya Mutu Ya Dawo Kotu

Zuwa ga inuwata a tsakar rana, ruwan sanyina bayan doguwar tafiya, maigidana, uban 'ya'yana, mai taurin kan da ban taɓa gajiya da shi ba.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata ka tashi lafiya, kana cin abinci, kana shan magani ba sai an yi ta bin ka da roƙo ba. Ke kuma babbar 'yata da kike karanta masa wannan takarda, ki karanta a tsanake, kada ki tsallake layi, kada kuma ki yi dariya. Uwarki ce ta rubuta, ubanki aka rubuta wa. Ke bakinki kawai muka ara.

Maigida, tun da ka koma gidan yarinyar nan don ka kusanci asibiti, gidanmu ya zama kamar rijiyar da ruwanta ya janye. Agogunan mutane da ka bari a teburin aikinka suna ta bugawa, kowanne da nasa lokacin, babu mai daidaita su. Gilashin nan da kake maƙalawa a ido in za ka buɗe cikin agogo yana inda ka ajiye shi, kullum sai na goge masa ƙura. In la'asar ta yi sanyi, hasken rana ya sauko a kan kujerarka ta bakin taga, sai in ga kamar shi ma kai yake nema. Wayyo ni! Ashe haka kujera take iya yi wa mutum shiru?

Ka san ni da littattafan ƙage. Yaran nan shaidu ne, na sha zaro su daga ƙarƙashin matashi, in yi faɗa har muryata ta dushe, in ce ɓata lokaci ne da koyon ƙarya. Har gobe ban janye ba, yawancinsu haka suke. Sai ga ka da ƙaton littafin ƙagen nan na shari'a, ka rufe shago, ka zauna bakin taga ina guga, kana karatu kana buga cinya kana cewa, "Kai! Kai! Wannan lauya zai kashe ni!" Na daure, na daure, har ranar da bakina ya suɓuce na ce, "To me ya yi kuma?" Ka ɗago ka dube ni ta saman tabarau, ka yi murmushin nan naka mai kama da fitowar wata, ka koma shafin farko. Da haka ka kama ni, kamar yadda ake kama tsuntsu da tsaba.

Wane irin daɗi ne ban sha ba a waɗannan yammacin! Ga baiwar Allah ma'aikaciyar jinya a tsaye gaban alƙali, ana tuhumarta da kashe tsohon attajirin da take kula da shi. Ga 'ya'yan mamacin, marasa kunya, suna kukan da babu hawaye. Ga matashin lauyanta, kaifin basira kamar reza, amma ba ya kiran uwarsa ko a waya, abin da har yau ban yafe masa ba. Kai kana sauya murya, ka yi ta alƙali mai kauri, ka yi ta mai gabatar da ƙara mai tsini, ni kuwa ina yanke wa kowa hukunci tun kafin kotu ta zauna. Kakan ce da ni ce alƙaliya, da ba a bar kowa a waje ba, har masinja sai ya kwana a gidan yari. Sannan muguntarka! Daidai inda numfashi ya tsaya, inda lauya ya juya ya ce yana da tambaya ɗaya tak, nan za ka saka tsohuwar igiyar agogon nan a tsakanin shafi, ka ƙwanƙwasa sukudireba a hannun kujera, ka ce, "An ɗage zama sai gobe." Na yi fushi, na yi magiya, na ce ba zan dafa maka shayi ba. Ko sau ɗaya ba ka ƙara mini layi ba.

Yanzu bari in zo kan ranar da kake fushi da ni a kanta.

Ka buɗe littafin kamar kullum, ka fara. Ina guga ina saurare, sai na ji alƙali ya ce wa lauyoyi shari'a kamar cikin agogo take, in ƙaramin haƙori ɗaya ya karye duk sauran ƙarya za su yi. Na ce a raina, yaushe alƙalin nan ya koyi gyaran agogo? Na ɗaga kai. Muryarka tana tafiya kamar kogi, amma hannunka bai juya shafi ba. Na ci gaba da kallo, ka yi nisa, shafin yana nan. Can sai ka kira direban attajirin ya shigo ya ba da shaida. Maigida, direban nan ai ya mutu! Kai da bakinka ka karanta mini yadda aka tsince shi a cikin mota, har na ajiye dutsen guga na yi masa addu'a kana yi mini dariya. Ga shi ka tashe shi, ka sa masa riga, ka tsayar da shi gaban kotu yana rantsuwa.

A nan na gane idonka ya daina ganin rubutu, kuma ba ranar ya fara ba. Kana ƙago labarin ne daga kanka don kada yammacinmu ya mutu. Ni da ban taɓa barin yaro ya yi ƙarya ya kwana lafiya ba, na tsaya ina sauraron taka, hawaye na ɗiga a kan rigarka da nake gogewa, har na ƙona mata wuya. Ban katse ka ba. Na bar direban ya gama shaidarsa tsaf, kuma wallahi ya yi magana mai ma'ana. Ƙarya dai ƙarya ce, ba zan canza mata suna ba. Amma ban taɓa jin wadda ta yi mini ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko ba sai wannan.

Washegari na kira 'yarka na gaya mata. Ka ce na tona maka asiri, ka tafi ko waiwaye babu, yanzu in na kira sai ka ce a ce kana barci. To ka ji da kyau: ban yi nadama ba. Da za a maimaita, da na sake kiran ta. Mace ba ta ganin mijinta yana laluben ƙofa ta yi shiru don kada ransa ya ɓaci.

Yarinyar ta ce likita ya duba, ya ce yanar ido ce ta rufe maka gani, aiki ne da suke yi kullum, kuma in an daɗe ana jinkiri zai ƙara wuya. Ta ce kai kuma ka kafe, wai gara ka riƙe ɗan hasken da ya rage da a taɓa a rasa duka. Haba, hasken idona! Kai da ka shekara kana gaya wa mutane agogon da ake tsoron buɗewa ba ya gyaruwa? Nawa ne suka miƙo maka agogon gadon ubansu cikin fargaba, ka ce su kwantar da hankali su bar wa mai aiki aikinsa? Yau da layi ya zo kanka sai ka noƙe? Ban ce kada ka ji tsoro ba. Ni ma ina ji. Amma tsoro ba hujja ba ne, ko a kotun littafinka ba za a karɓe shi ba.

Littafin yana kan kujerarka, igiyar agogon tana ciki. Kada ka zaci ban jarabtu ba. Na ɗauke shi, na auna kaurin abin da ya rage da yatsa, na mayar. Ban leƙa ba, Allah ne shaidata. Baiwar Allah nan tana tsaye gaban alƙali tun ranar da ka tafi, ƙafafunta sun gaji, ni ma nawa sun gaji. Ban san ko za a sake ta ba, kuma ba na so in sani daga bakin kowa, ko daga idona, sai daga bakinka.

Ga alkawarina, ya bishiyar da na jingina da ita tun ina yarinya. In aka yi aikin Allah ya ba da sa'a, ka dawo ka karanta mini na gaskiya, mu koma inda direba yake a kabarinsa. In kuma Allah ya ƙaddara akasin haka, ni zan karɓi littafin, in zauna a gefenka in karanta maka da muryar nan tawa ta faɗa, ina tsayawa a kowane shafi ina yi wa lauya wa'azi a kan hakkin uwa, har ka gwammace da ka ga hanya ka gudu. Ko ta wace hanya, kujerarka taka ce, sukudirebanka naka ne, ni ma taka ce. Abu ɗaya ne ba zan yarda da shi ba: ka zauna cikin duhun da ake iya yayewa don kana jin tsoro.

Ke 'yata, in kin kawo nan ki ajiye takardar, ki miƙa masa waya, ki fita ki ja ƙofa. Kai kuma maigida, ka kira ni ka yi mini duk faɗan da ka tara, zan saurara ba musu. In ka gama, gobe ka ce wa likita to.

An ɗage zama har ka dawo. Ni ce wadda za ta jira ka a bakin taga, da ido ko babu ido, muddin ina numfashi,

Matarka, uwar 'ya'yanka.