Abin da Baba Ya Gani a Tanderu

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sauƙaƙa maka aikin da ya kai ka nesa da mu, amin. Mu nan lafiya lau. Maigidana ya warke daga murar da ta kwantar da shi, Auta kuma ta fara tafiya, yanzu babu abin da ke da kwanciyar hankali a kan tebur. Sau uku ina ɗaukar waya zan kira ka, sai in rasa ta inda zan soma. Ka san ni, in da baki ne sai in yi ta kewaye-kewaye, shi ya sa na zauna na rubuta.

Da farko dai, kada ka ɗauki hutun da ka ce za ka ɗauka a watan gobe. An ɗage ranar da zan kare kundin bincikena, kuma ni ce na jawo aka ɗage.

Ka sha yi mini dariya wai na yi karatu shekara da shekaru don in ƙona shara, to bari yau in yi maka bayani sosai, don ka gane abin da ya faru. Muna ɗaukar ƙaiƙayin shinkafa da diddigar katako, abubuwan da ake zubarwa, mu gasa su har su zama gawayi. Sai mu sa ɗan kaɗan a wani ƙaramin kofi da ke rataye a jikin sikeli a cikin tanderu, mu riƙa hura masa tururi. Gawayin ba ya kamawa da wuta, a hankali yake cinyewa yana komawa iskar gas da za a iya girki da ita ko a tayar da inji. Aikina shi ne in auna saurin wannan cinyewa, minti bayan minti, a zafi daban-daban. Zafin shi ne uwa uba. Ka ƙara digiri talatin da biyar kawai, saurin ya kusa ninkawa. Da waɗannan lambobi ne injiniya yake sanin girman tukunyar da zai ƙera wa masana'anta. Shekara biyu ina tara su.

Wata uku da suka wuce Baba ya zo ganin likitan gwiwa, ya sauka a wurinmu. Da muka fito daga asibiti na ce ya raka ni ɗakin gwaji in duba wani aiki da na bari a wuta. Tanderu biyu gare mu a jere, nawa da na abokiyar aikina da muke kira Mai Tabarau, kuma ranar kowanne allonsa na nuna digiri ɗari takwas. Ka san Baba da wuta. Mutumin da ya yi shekara arba'in a maƙera ba zai wuce ta bai leƙa ba. Ya dogara sandarsa, ya sa ido a ɗan gilashin leƙe na wannan, ya koma na wancan, ya sake dawowa. Sai ya tambaye ni ko na ce zafinsu ɗaya ne. Na nuna masa lambobin. Ya ce shi bai san lamba ba, amma na ƙawata jan garwashi ne, nawa kuwa ya fara haske, in ƙarfe ne a ciki, nawa zai riga wancan laushi. Dogo, wanda ke kula mana da injina, ya yi dariya ya ce ai Baba na'ura ba ta ƙarya. Ni ma na yi dariya, Allah ya yafe mini. Baba ya ce gwiwarsa ce ta gaza, ba idonsa ba, ya ɗauki sandarsa muka tafi.

Maganar ta ƙi barina. Ina wanke-wanke tana raina, ina shayar da Auta tana raina. Mu a ɗakin nan allo muke kallo, ni kaina na manta rabon da in sa ido a gilashin nan. Bayan kwana huɗu na je wani sashe na aro sabon ma'aunin zafi, na zura shi kusa da kofin. Yaya, ɗari takwas da sittin ya nuna. Na cire, na mayar, na gwada a tanderun Mai Tabarau, nata daidai yake. Nawa ne ma'auninsa ya tsufa a cikin wuta yana rage gaskiya. Muka buɗe littafin Dogo, muka ga rabon da a tantance shi shekara uku ke nan, tun kafin in fara. Ba wanda ya san ranar da ya soma kaucewa, ko a hankali ya yi, ko rana ɗaya. Ma'ana duk abin da na rubuta cewa ya faru a ɗari takwas, ban san a nawa ya faru ba. Saurin da nake taƙama da shi zai iya zama ninki uku na gaskiya.

Mako guda na yi ban gaya wa kowa ba sai Dogo, shi kuwa ya tsorata don tantancewar aikinsa ce. Ya roƙe ni in canja ma'aunin shiru, ya ce masu jarrabawa lissafi za su duba, ba cikin tanderu ba, kuma lissafina tsaf yake. Ba zan yi maka ƙarya ba, na saurare shi. Maƙalar da muka rubuta ni da Farfesa, mai duba aikina, ta riga ta samu karɓuwa a mujalla. Wata masana'antar casar shinkafa ta yi mini alkawarin aiki da zarar na kare kundi, kuma da lambobina injiniyansu ya fara zanen tukunyar da za ta mayar musu da tsibin ƙaiƙayinsu wutar lantarki. A makon nan na zuba gishiri a shayin Maigida, na bar makullin gida a cikin firij. Da ya matsa mini na gaya masa, bai ce in yi kaza ko kaza ba, tambayata kawai ya yi abin da zai faru in suka ƙera tukunyar. Na ce za ta yi ƙaranci, ƙaiƙayi zai fita bai gama cinyewa ba, gas ba zai ishi injin ba, su rufe wurin su sallami mutanen da suka ɗauka. Da na ji amsar daga bakina, na san barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Washegari na shiga ofishin Farfesa da ma'aunai biyu a hannu. Ta saurare ni har na gama. Ta ce sunanta na kan maƙalar nan, kuma ita ma shekara uku tana wuce tanderun ba ta leƙa ba. A gabana ta rubuta wa mujalla cewa mun janye, ta kira injiniyan ta ce ya dakata da zane. Dogo ya sami takardar gargaɗi, har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Kwamitin jarrabawa ya ba ni wata takwas in sake gwaje-gwajen daga farko. Masana'anta sun yi godiya da kalamai masu daɗi, suka ce ba za su iya jira ba, suka ɗauki wani. Wannan ta yi mini ciwo, har yanzu in na tuna sai in tashi in yi ta zagaya ɗaki. Na soma aikin, na gama gwaji goma sha ɗaya cikin casa'in, kullum ina ƙirga kwanaki ina ganin ba za su isa ba. Kafin in kunna komai sai na auna da ma'auni biyu, sannan in leƙa da idona.

Amma ba don kaina na rubuto ba, don Baba ne. Inna ce ta ba shi labari, ban san yadda ta tsara shi ba, shi dai abin da ya ɗauka shi ne bakinsa ya ɓata wa 'yarsa karatu da aiki. Inna ta ce ya rage cin abinci, ya daina zuwa maƙera inda yake zama yana gyara wa masu aiki hannu, yana ta cewa da ya kama bakinsa, me ya kai tsohon maƙeri wurin masu ilimi. Na kira shi sau biyar. Na ce masa cetona ya yi, na ce Farfesa da kanta ta ce in gaishe shi. Sai ya ce to, Allah ya yi albarka, ya miƙa wa Inna waya. Yana ganin lallashinsa nake yi don ni 'yarsa ce mai tausayi. Kai kuwa ya san ba ka iya lallashi ba, tun kana yaro abin da ke ranka shi kake faɗa, shi ya sa maganarka ke shiga kunnensa. Yanzu ka san yadda abin yake daga tushe. Ka gaya masa da bakinka cewa da bai yi magana ba, da wata rana an kira sunana a gaban tukunyar da ta ƙi aiki. Ka ce masa ya koma maƙera.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce ina nan da amsar saƙonta. Ka gaida Babban Yaro da 'Yan Biyu, su dage da karatu, da Kawu Direba in kun haɗu. Maigida na gaishe ka ƙwarai, Gwaggo ma da ta zo jiya ta ce in sa gaisuwarta. Ka sa ni a addu'a, Allah ya ba ni ƙarfin watannin nan, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Don Allah, Yaya, ranar da takardar nan ta iso hannunka ka kira shi. Kada ka bari sai ƙarshen mako.

Wassalam,
ƙanwarka da kake kira Sarkin Shara.