Kwaɗon Malam Ƙamus a Wuyan Inna

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Allah ya ƙara maka juriyar zaman baƙunta, ya sa albarka a abin da kake nema, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita bakin ƙofa da kanta ta yi wa masu wucewa faɗa, wanda ka san a wurinta babbar alamar lafiya ce. Matarka tana nan ƙalau, kekenta na ɗinki ba ya hutawa. An gyara famfon tsakar gida, ya yi mana biyayya na ɗan lokaci, sannan ya koma halinsa.

Abin da ya sa na zauna rubutu, maimakon in jira ka kira mu yi ta "kana ji na?" har layi ya yanke, shi ne malamin Turancin da ka ɗaukar wa yara ta waya ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Ni na gani, gani kuwa ya kori ji. Yaran unguwa suna kiransa Ƙamus, shi kuma ya ɗauka yabo ne. Yana zuwa da kwat a tsakiyar zafi, da biro uku jere a aljihun gaba, da jaka mai kumburi wadda ban taɓa ganin ya fitar da komai daga cikinta ba sai hankici. Idan ka gaishe shi da Hausa sai ya ɗan yi jim, kamar mai neman kalmar a can ƙasan rijiya, alhali na san gidansu, na san mahaifinsa, kuma ba a jirgi aka haife shi ba.

Duk iliminsa ya tattaru ne a kan ƙananan kalmomin nan da Bature ke liƙawa gaban suna, su "in" da "on" da "at". Ban raina su ba, harshe ba ya tsayuwa sai da su. Amma bawan Allahn nan ya mai da falonka filin atisaye. Ya sa yaro ya hau kujera, ya sauko, ya shige ƙarƙashin tebur, ya tsaya bayan labule, kowane motsi da jimlarsa, ana rerawa kamar masu tallar kaya. Ya shafe mako yana bayyana musu cewa a Turanci mutum yana kan bas ne ko da yana zaune a cikinta, amma idan ƙaramar mota ce to yana ciki. Da 'yarka ta tsakiya ta tambaye shi dalili, sai ya ce masu hankali ba sa tambayar dalili. Ni kuwa na gane bai sani ba ne, gwano kuma ba ya jin warin jikinsa.

Da a nan abin ya tsaya, da na bar kaza cikin gashinta. Kai ka ce kana so yaran su iso wurinka da Turanci a baki don kada a yi musu dariya a makaranta, ban kuma ga laifinka ba. Sai dai ka ba shi izini ya hana Hausa a gidan, shi kuma ya zo da wani ɗan kwaɗo mai ƙyalli, irin na akwati, ya zura masa jan kirtani. Duk wanda aka kama ya yi Hausa sai a rataya masa, ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani. Wanda malam ya tarar da shi a wuya, ya yi durƙuso, kuma a tura maka sunansa. Ka ga an mai da 'yan'uwa 'yan sandan juna.

To, ɗan'uwana, da wane harshe Inna take magana? Wannan ne ku biyun ba ku lissafa ba, kai saboda nisa, shi saboda wauta. Yaran da ke kwana a gefen gadonta suka fara zagaye ƙofar ɗakinta kamar akwai rami. Ta kira, su gyaɗa kai. Ta tambayi yadda makaranta take, su yi murmushi su sulale. Da fari ta zaci mura ce, ta bi su tana shafa musu man zafi a maƙogwaro. Daga baya ta ja ni gefe ta tambaye ni, da muryar da ban taɓa ji a bakinta ba, ko uwarsu ce ta hana su kula ta. Ka san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, matarka kuwa ba ta ji ba, ba ta gani ba.

Ranar da abin ya kai ni bango, kwaɗon yana wuyan Auta, kuma yayyensa duk sun kame baki. Sai ya shiga wurin Inna. Ta yi murna, ta ce masa maraba da maigidan, ina ya shiga kwana biyu. Yaro ya bi doka yadda aka koya masa: ya cire kwaɗon, ya rataya mata, ya fita da gudu. Ita kuma ta ɗauka tsaraba ce ka aiko mata ta hannun jikanta. Ta gyara ɗankwali, ta fito bakin ƙofa tana nuna wa maƙwabta. A haka Ƙamus ya iso. Ya dube ta, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce da Turanci wai doka ba ta san tsufa ba. Na karanta littattafai da yawa a harshen nan, amma ban samu kalmar da ta dace da shi ba, na kuwa duba.

Kafin in buɗe baki, babbar 'yarka ta durƙusa gaban Inna, ta roƙe ta aron abin wuyan, ta rataya wa kanta. Ta gano abin da malaminta bai hango ba, cewa wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron ruwa. Ta shige ɗakin Inna ta zauna, ta kwashe labarin da ta tara duka ta juye mata, har na ji tsohuwa tana dariyar nan tata mai tari. Tun daga ranar ba ta cire shi sai don ta ara wa ƙannenta, yanzu ma faɗa suke yi a kan wa zai saka. Kullum malam ya zo ita ke durƙuson, ba ta ko ƙifta ido.

Ya ce zai aiko maka da ƙara cewa yarinyar ta kangare, kuma zai ba ka shawara a raba ta da ɗakin kakarta. Shi ya sa na riga shi. Na gaya masa ya koyar da ƙananan kalmominsa a falo iya lokacin darasi, amma durƙuso ya ƙare a gidan nan. Ya ce shi daga gare ka yake karɓar umarni, kuma a nan kaɗai na ji ya faɗi gaskiya. Saboda haka magana ta dawo hannunka. Yara za su koyi Turanci a can ko ba ka so, titi ma zai koya musu, amma Inna ba ta da wani titi da za ta samo jikoki. Idan ka janye dokar, ka kira shi ka faɗa masa. Idan kuma ka tabbatar da ita, to ka aiko da kwaɗo ga kowa a gidan, har da nawa, mai ɗan faɗin kirtani don wuyana ya yi kauri.

Matarka da yara suna gaishe ka, haka ma yayarmu da maigidanta, da Kawu, wanda ya ce a tuna maka maganin idonsa. Iyalina suna miƙa gaisuwa. Ka gaida abokin zamanka da duk wanda ya san mu. Inna ta ce a gode maka da tsaraba, Allah ya yi maka albarka, sai dai tana tambaya ko ka manta da makullin ne. Na ce mata in ka kira za ka yi mata bayani da bakinka.

Wassalam,
Yayanka.