Rigunan Taurarin Mairi

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Baban Yusra ya dawo daga taro bayan la'asar yana murmushi shi kaɗai. Wai za a haɗa gasar ƙwallon unguwarmu Mairi da ta unguwar Moduganari ta zama ɗaya. Mu nan kulob shida ne, su bakwai. Ya ce matsalarmu ita ce kullum mu ne dai muke wasa da junanmu, har kowa ya san wanda zai ci kafin a busa usur, shi ya sa ba mai biyan kuɗin shiga. In aka haɗa, mutane za su zo, kamfanoni za su sa suna, a riƙa biyan yara albashi kamar masu sana'a.

Kulob ɗinsa, Taurarin Mairi, tun Yusra tana goye yake ɗawainiya da shi daga ribar shagon yadi. Ni nake ɗinka musu riguna, ni nake wankewa. Yau ya ce mini, "Maman Yusra, na yi wa kaina alkawari. In Babbar Salla ta zo ban iya biyan yaran nan ba, na rufe, na koma shago gaba ɗaya."

Na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. A raina na san wanda nake so ya zaɓa. Na gaji da takalma masu laka a zaure.

Talata, 8 ga Afrilu

Zafi. Ko kaji sun daina yawo. Na ɗinka laffaya biyu, na kwanta a ƙasa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Koci Othniel ya zo, shi da Habib, wanda ya fi ci musu ƙwallo. Na kai musu ruwan tsamiya zaure, ina jin su ta labule. Habib ya samu keke mai ƙafa uku na haya, mai keken ya ce ko tuƙi ko ƙwallo, ba ya son direban da ke ajiye fasinja ya tafi atisaye. Ga aure a gabansa.

Koci bai yarda da haɗin ba. Ya ce wa Baban Yusra, da sunan da yake kiransa, "Ba Madu, tukunya biyu ba miya, ka juye ɗaya cikin ɗaya. Miya ta zo?" Baban Yusra ya ce ai ba tukwane ake haɗawa ba, makwaɗaita ake tarawa. Ɗan Mairi ba zai biya ya ga ɗan Mairi ba, amma zai biya ya ga an kunyata Moduganari. Koci ya ce to kuɗin keken kai yara can fa, da rafali, da ruwa? Suka yi ta yi.

Habib ya miƙe zai tafi. Ya ɗaga murya kaɗan: "Mama, tsamiyar ta yi. A saka mu a addu'a." Na ce to. Ban san wace addu'ar yake nufi ba, ta keken ko ta ƙwallon.

Lahadi, 20 ga Afrilu

An haɗa. Sun ɓata yini guda kan sunan da zai zo farko, Mairi ko Moduganari. Alhaji Nasidi, shugaban na can, dillalin raguna ne, ya ce a yi ciniki irin na kasuwar dabbobi: suna nasu a gaba, wasan farko a filinmu. Aka tafa. Baban Yusra ya ce bai taɓa ganin mutum ya sayar da iska da kyau haka ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Wasan farko, mu da Guguwar Moduganari, kulob ɗin Alhaji Nasidi. Ni ban je ba, me zai kai ni. Yusra ce ta leƙa daga gidan ƙawarta ta kawo mini labari tana dariya har da riƙe ciki.

An kewaye fili da zana don a karɓi kuɗin ƙofa. Mutane kuwa sun zo, ta ce ba ta taɓa ganin irinsu ba. Sai dai rabinsu a kan dogon yaro suke, wasu a rufin makaranta, wasu sun tsaya kan keke. Wani ma da ke da bishiya a ƙofar gidansa shi ya riƙa karɓar kuɗin hawa, reshen sama ya fi tsada. Ta ce mutumin ya fi kwamiti samu.

Ɗaya da ɗaya aka tashi. Baban Yusra ya shigo da murya a dashe. Abin da aka samu, bayan an sallami rafali da masu zana, ya isa sayen ruwa da burodi. Ya ce, "Amma kin ga mutane?" Na ce ban gani ba, na dai ji.

Laraba, 30 ga Afrilu

Yau abin bai yi mini daɗi ba.

Ya shigo da takarda mai zane, ya shimfiɗa a kan kekena na ɗinki. Wani kamfanin caca, irin wanda yara ke yi a waya, ya ce zai ɗauki nauyin gasar tunda ta yi girma. Duk kulob ɗin da ya sa sunansu a ƙirjin riga za a ba shi abin da zai biya 'yan wasa wata-wata. Ga haruffan, ni zan yanka in ɗora.

Na daɗe ina kallon takardar. Tun ina riƙe da allo na san giya da caca a aya ɗaya aka ambace su. Na ce masa a hankali, "Malam, ka yi haƙuri, hannuna ba zai iya wannan ba."

Bai yi faɗa ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya ce akwai teloli a Kasuwar Litinin da za su yi kafin azahar. Na ce na sani. Ya naɗe takardar, ya sake buɗewa, ya ce, "Ni ma ba ta kwanta mini ba. To me zan ce wa Habib?"



Juma'a, 2 ga Mayu

Bai kai wa telolin ba. Takardar tana kan firji.

Abin da ke damuna daban ne. Na ƙi don Allah, ko na ƙi don na san in ba kuɗin nan kulob ya mutu, in huta? Na juya abin a sallar walaha, na juya ina yankan kuɓewa. Ƙin daidai ne, wannan ba na shakka. Amma niyyar ce ban iya rantsewa a kanta ba. Mutum ya yi abin kirki da zuciya biyu, ya kuma ci riba a kai.

Na yanke cewa in har don Allah ne, to sai in nema musu wata hanya da gaske, ba da baki ba. In ta samu kulob ya rayu, na san ban yi don kaina ba. Sai dai ni wa na sani? Masu kawo ɗinkin laffaya.

Asabar, 10 ga Mayu

Na yi abin kunya, kuma har yanzu dariya nake.

Jiya na wanke rigunan wasa tare da kayana, hankalina yana wani wuri. Da suka bushe na kwashe duka na shimfiɗa a kan kabbasa, kwandon turara kaya, na sa garwashi a kasko, na zuba turaren wutan da nake saye wajen Ya Kellu kamar yadda nake wa kayan gida. Sai da na zo ninkewa na ga rigar Habib mai lamba tara a hannuna. Ba lokacin sake wanki.

Yau suka je Moduganari da su. Koci ya ce tun a keke direba yake waige. Da suka shiga fili, 'yan can suka fara: "Ga amaren Mairi! Ina lallen?" Mai tsaron bayansu ya riƙe Habib ya ce, "Tsaya in ƙara shaƙa, matata ta daina sa mini." Habib ya zille ya ci. Ya ƙara ci bayan hutu.

Da yamma suka cika mini zaure, wai daga yau ba su sa riga sai da turare. Na ce musu turare ba ya cin ƙwallo, kada su mayar da shi abin da ba shi ba, Allah ne mai bayarwa. Habib ya ce, "Mun yarda, Mama. Amma a dai sa."

Litinin, 12 ga Mayu

Mata uku sun aiko daga Moduganari suna tambayar turaren waye. Mazansu ne suka kai labari gida.

Laraba, 14 ga Mayu

Na je Kasuwar Litinin wajen Ya Kellu. Tare muka yi makarantar allo, ta girme ni, yanzu shagonta na turare da humra har daga Kano ake aiko mata. Na zauna, muka gaisa, na sha shayi, na kasa farawa. Ita ta ce, "Siddiƙa, tun ɗazu kike murza bakin mayafi. Faɗi."

Na faɗa. Ta ajiye kofi. "Sunana? A ƙirjin gardawa masu gumi?"

Na ce ai gumin ne ya nuna turaren, minti casa'in ana gudu bai bar rigar ba. Ta yi dariya har ta yi tari. Ta ce maza ba su sayen turare. Na ce ba su saye, amma su ke ba da kuɗin, kuma yanzu unguwa biyu ne ke kallo, ba ɗaya ba. Da gasarmu ce ta da, ni ma ba zan zo ba.

Ta juya zobenta. Sannan ta kafa sharaɗi: a yi rumfa ta mata a gefen fili, da tabarmi da inuwa, ba cakuɗa, ta sa yarinyarta da tebur a ciki. Abin da za ta bayar bai kai rabin na masu caca ba, ta faɗa mini gaskiya. "Kuma in aka ci su da yawa, ki cire sunana kafin su fito daga fili."

Na hau keke na dawo gida. Ban taɓa roƙon kowa komai ba sai yau, kuma wai don ƙwallo.

Asabar, 17 ga Mayu

Na ɗinka sababbin riguna, na yanka haruffan da farin yadi: TURAREN YA KELLU. Harafin R ya ba ni wuya, sau biyu yana zuwa a riga ɗaya. Baban Yusra ya tsaya a kaina yana cewa ya karkace. Na miƙa masa almakashi, ya fita.

Lahadi, 25 ga Mayu

Taron kwamiti. Kulob takwas sun karɓi na caca. Biyu daga cikin ƙanana sun ce kuɗin zirga-zirga ya fi ƙarfinsu, sun narke cikin wasu, ɗaya namu ɗaya nasu. Koci ya ce, "Ban faɗa ba?" Baban Yusra ya ce, "Ka faɗa, amma ka ga rumfar mata jiya?" Su biyun duk suna da gaskiya, shi ya sa ba su gama musu.

Alhaji Nasidi bai karɓa ba. Wai ya ce in matar Madu ta iya samo mai turare, shi ba zai ji kunya a gaban 'ya'yansa ba, sunan ragunansa zai sa. Yanzu rigarsu da hoton rago a ciki. Yaranmu sun riga sun tanadi abin da za su kira su.

Mai bishiya kuma an shigar da shi kwamitin ƙofa. Alhaji ne ya kawo shawarar.

Asabar, 31 ga Mayu

Yarinyar Ya Kellu ba ta da lafiya, aka rasa mai kai kasko da garwashi rumfa. Na kai. Niyyata in ajiye in juyo, sai wata ta riƙe ni da tambayar farashin humra, kafin in ankara an fara.

Ashe haka Habib yake gudu. Rafalin kuma bai kyauta ba, a gabana aka ja masa riga har ɗinkin kafaɗa ya buɗe, ɗinkina, bai busa ba. Yusra ta ce na miƙe tsaye. Ban tuna ba.

Laraba, 4 ga Yuni

Jibi Salla. An biya yara rabin abin da aka so, amma an biya, a hannu, kowa ya sa hannu. Habib ya daidaita da mai keke: tuƙi da safe, fili da yamma, ƙaninsa ya karɓi keken. Ba sana'a ce cikakkiya ba tukuna. Koci ya ce sai an ga damina, in fili ya cika da ruwa mutane suka daina zuwa, a nan za a san ko haɗin zai riƙe.

Bayan azahar Baban Yusra ya zauna kusa da keken ɗinki yana wasa da zare. Ya ce, "Alkawari na yi, cikakken albashi ko rufewa. Rabi ne. Ke me kika gani?"

Na ce rigunan sababbi ne, ko wata ba su yi ba, a ajiye su asu ya ci ɓarna ce, kuma Ya Kellu ta biya har ƙarshen kaka, haƙƙinta ne. Ya kalle ni ya ce, "Saboda haƙƙin Ya Kellu." Na ce eh. Ya tashi yana tari irin na mai ɓoye dariya.

Na gyara kafaɗar lamba tara, na ninka ɗinkin biyu. Bayan Salla za mu je gidan Guguwa. Golansu ba ya iya faɗuwa ta hagu, na lura ranar Asabar da suka yi wasa bayan namu. Zan gaya wa Koci in ya zo gaisuwar Salla, in maganar ta zo.