Benen da ka so a ɗora wa Inna

Assalamu alaikum, Yaya Sani.

Ka gafarce ni da na ɗauke maka hankali, ga aiki ya yi maka yawa a Legas. Ina fata kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Yaya ƙafar taka? Inna lafiya lau, tana sa maka albarka.

Maganar benen nan ce da ka sa a ɗora a kan gidan Baba. Ƙungiyar masu zanen gine-gine ta nan Jos takan zaga tsofaffin unguwanni kowace shekara kafin damina, tana duba gidaje kyauta. Bana sun shigo Laranto, suka ga bulo jibge a ƙofarmu. Wata a cikinsu, Madam Ladi, ta sa aka tona gindin bango. Ta ce, "Hajiya, gidan nan a kan tsohon ramin kuza yake, cike shi aka yi. Yana ɗauke da kansa, amma ba zai ɗauki bene ba."

Yaya, ɗakin Inna ne a ƙasa. Sai na dakatar da magina ban jira izininka ba, abin yana ta damuna. Na san don ka faranta mata ka yi. Ita kuwa dariya ta yi, wai da wace gwiwar za ta hau?

Sun ce za su zana mana ɗakuna biyu a tsakar gida, in ka amince.

Ka gaida Anti, a sa mu a addu'a. Don Allah ka ba ni amsa da wuri, kafin ruwa ya sauka.

Ƙanwarka,
Hadiza