Giram Ɗari Biyu na Tuwo

Litinin, 2 ga Maris, 1987
Salimatu ta sauka! Mace, da hantsi. Na yi jika. Alhamdulillahi.
An miƙo min ita, sai na ga fuskarta dishi-dishi. Na ce ta yi kama da uwarta. Cewa kawai na yi.

Talata, 3 ga Maris
Na koma asibitin da na guje wa wata biyar. Nas ta ce ciwon sukarin ne ke cin idon, in ban kiyaye ba zai tafi duka. Ta sake ba ni takardar: kalori 1,800 a yini, tuwo giram 200. Da ban yi makarantar yamma ba, wa zai karanta min wannan?

Alhamis, 5 ga Maris
Na sayo ƙaramin sikeli a kasuwar Makola. A fara auna kwano, a cire nauyinsa. Giram 200 bai kai dunƙulen hannuna ba.
A ɗaki na ci, na saki labule. Shekara ashirin muna cin kwano ɗaya da su Mas'udu a ƙofar gida. Mas'udu ya ɗaga murya: "Ango, an samu sabuwar amarya an manta da mu?" Na ce mura nake yi.

Juma'a, 6 ga Maris
Yunwa.

Asabar, 7 ga Maris
Tuwon yau ya yi yawa, amma allurar sikeli na kan 200. Na matso sosai. Ashe Hajiya Zelia ta sa yatsa a ƙarƙashin faranti tana tallafe shi. Tun jiya take yi, in ji ta.
"Malam, ai ko mage ba za ta ƙoshi da wannan ba. A ce ina horon mijina da yunwa?"
Ban yi faɗa ba. Na ce ina so in ga yarinyar nan ta fara tafiya. Ta janye yatsan. 310. Da hannunta ta rage.

Litinin, 9 ga Maris
Suna. Sharifa. Rago ɗaya, shinkafa da wake tukunya uku, rabin unguwar Nima a gidan.
Ɗakin ya cika da mata, babu inda zan ɓuya. Dalilin ke nan, ba wani ba. Na fito da sikelin na ajiye a kan tabarma, tsakanin Mas'udu da liman.
Mas'udu ya ce, "Zinariya za ka auna mana?"
Na ce shinkafa ce, giram 150. Ya kira sauran, kowa ya matso ya gani. Kuma tunda idonsa ya fi nawa, shi zai duba min allurar.