Tabon Kuncinki da Tagogin Ɗakinmu

Zuwa ga Nusaiba, farin watan garin Shagari, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara,

Assalamu alaikum. Yayanki Tasi'u ya kawo mini saƙonki har Bodinga, wai in janye maganar aurenmu don fuskarki ta lalace. Wallahi da wuƙa ya luma mini a haƙarƙari da ya fi mini sauƙi!

Kin manta ina wurin? Da la'asar muna hira a falon Innarki, hadari ya taso baƙi ƙirin, ƙanƙara na dukan kwano kamar ana jifa. Kinka tashi rufe taga kada sanyi ya kama ƙirjin Inna, iska ta banko ta, siraran gilasan nan sunka tarwatse a fuskarki. Jini ya rine mayafinki, ya cika tafin hannuna. Ni ina kururuwa, ke ko tambaya kike ko Inna ta ji ciwo. Haba Nusaiba! Wanga tabo ne zan guda?

Daga asibitin da anka kai ki, sai na wuce garin Dingyadi, inda nike gina ɗakinmu. Irin waɗannan tagogin na riga na sa. Na ɗau guduma na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina duka ina zagin iska, Allah Ya yafe mini, har yatsuna sunka tsage, maƙwabta sunka rirriƙe ni suna zaton na haukace.

Na je Sakkwato na zaɓo wasu. Gilashi ne mai kauri, ruɓi biyu, an ɗaure shi da alminiyam, an bi gefensa da roba ta yadda ko huci ba ya wucewa. Mai shagon ya naushe shi a gabana, ni ma na nausa da duk fushin da ke cikina, ko gezau. Sanyin Janairu zai tsaya waje yana kuka kamar kura, ba zai taɓa miki ko farce ba.

Amma ban kafa su ba, ya kurciyata. Ramukan na nan a buɗe. Ki zo da Tasi'u, kada ki ja mayafi kan kuncinki, ki nuna mini da yatsanki wadda za ta dubi gabas. In kin ƙi, ɗakin zai zauna a huje har damina ta cinye shi, don babu wata ɗiya mace da za ta leƙa ta cikinsu.

Naki har ranar da za a tura mini ƙasa,
Ladan